Haɗa wayoyi a allon Arduino Uno

Arduino Uno ƙaramin allon lantarki ne da ake sarrafa fitilu, maɓallai da ƙananan injuna da shi. An fara aikin Arduino a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005, shi kuma Uno ya fito a 2010. Ƙwaƙwalwarsa ita ce ATmega328P, mai aiki da wuta volt 5. Allon yana da ƙafafun dijital 14, wato wuraren jona waya masu aiki da kunnawa ko kashewa, da wasu 6, daga A0 zuwa A5, masu auna ƙarfin wutar da ta shigo musu.

Galibi akan fara haɗin ne a kan allon gwaji mai ramuka, ba tare da narka dalma ba. Kowane jeri na ramuka biyar a haɗe yake ta ciki, don haka idan aka cusa ƙafafu biyu na ƙwan LED, wato ƙaramin ƙwan fitila, a jeri ɗaya, ba zai kama ba. Bisa al'ada jan waya na fozitif ne, baƙi kuma na GND, wato ɓangaren nagatif na allon.

Inda masu koyo suka fi yin ɓarna shi ne yawan wutar da ake ja. Ƙafa ɗaya ta Uno an so ta ba da miliamfa 20 ne kawai (miliamfa ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne), 40 kuwa shi ne iyakarta. Shi ya sa ake sa wa jan LED rasista, wato abin da ke rage gudun wuta, mai om 220 (om ma'aunin ƙarfin rasista ne): ƙwan ya ɗauki kusan volt 2, sauran ukun su ratsa rasistan, wutar ta tsaya wajen miliamfa 14. Injin mai juyawa ko rile (makunnin da wuta ke kunnawa) kuwa ya fi ƙarfin ƙafar nesa ba kusa ba. Sai an bi ta taransisto, wato ƙaramin makunnin da ƙafar ke sarrafawa, an ba shi batir nasa, sannan a gitta masa diyod, mai barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, don ya shanye wutar da ke komowa baya idan an kashe shi. A nan dole ne a haɗa nagatif ɗin batirin da GND na allon. Wannan waya ɗaya tak, idan aka manta da ita, sai mutum ya yi ta zargin manhajar da ya rubuta alhali lafiyarta ƙalau.

Maɓallin da aka bari ƙafarsa ba ta jingine da komai yakan riƙa ba da sakamako barkatai. Maganinsa rasista mai om 10,000, ko a kunna na cikin ƙwaƙwalwar da umarnin INPUT_PULLUP.

Allunan ESP32, wasu ƙananan allunan lantarki masu kama da Uno, da volt 3.3 suke aiki, kuma volt 5 na Uno kan iya lalata ƙafafunsu idan aka haɗa su kai tsaye.