Wane jirgi da wane inji ke shiga taɓo? Tambayoyi kan farautar agwagin fadama a Amurka

A kudancin jihar Luwiziyana ta Amurka, inda kogin Misisifi ke zubewa cikin teku, akwai fadamun da mutum zai rasa sunan da zai ba su: ba ruwa ba, ba tudu ba. Nan agwagin daji ke sauka da hunturu bayan sun baro Kanada da jihohin Dakota. Harbin agwagwar ba shi ne wahalar ba, isa inda take shi ne aikin. Ga tambayoyin da mai shirin sayen jirgin ruwa da inji yakan yi.

Me zai hana a ɗaura injin kwalekwale irin wanda aka saba?

Injin Yamaha ko Mercury da ake ratayawa a bayan jirgi da ruwa yake huce zafinsa. Yana zuƙo ruwan ta 'yan ramuka a ƙafarsa, wata 'yar farfelar roba ta tura shi sama. Da laka ko ciyawa ta toshe ramukan, robar ta ƙone, inji ya ɗau zafi, tafiya ta ƙare. Ga shi kuma ƙafar tana sauka ƙasa da gindin jirgi, duk kututturen da ke ɓoye ita zai fara gaisawa da ita.

Injin taɓo ba ruwansa da wannan, iska ke sanyaya shi. Dangin injin janareta ne da injin ban ruwan da manoman rani suka sani, irin su Honda GX ko Vanguard na kamfanin Briggs & Stratton, aka haɗa masa sandar ƙarfe da farfela mai kauri. Ko a cikin kunun laka farfelar ta samu abin kamawa za ta tura jirgi.

Iri nawa ne?

Biyu. Na farko shi ne mai doguwar wutsiya, wanda sandarsa kan kai ƙafa shida ko fiye. Duk wanda ya taɓa ganin hoton jiragen magudanun Bankok ya san shi, don mutanen Tailan sun daɗe suna amfani da shi. A Amurka kuwa Warren Coco ne ya yi fice da shi, da ya kafa kamfanin Go-Devil a birnin Baton Rouge a 1977. Ba shi da tarkace: inji, sanda, farfela. Yawancinsu ba giya, ba ribas. Kana tayar da inji farfela ta fara juyawa, in kana so ka tsaya sai ka danna hannun tuƙi ƙasa, wutsiyar ta ɗago daga ruwa. A tsaye ake tuƙa shi, hannu ɗaya a kan inji, ɗayan riƙe da ƙarfen da aka kafa a tsakiyar jirgi.

Na biyu mai gajeriyar wutsiya ne, wanda farfelarsa ke juyawa dab da saman ruwa, rabi ciki rabi waje. Bel ko giya ke kai mata ƙarfi, akwai kuloci, da yawansu har da ribas. Kamfanonin Gator-Tail da Pro-Drive, dukansu a ɗan garin Loreauville na Luwiziyana, da Mud Buddy na jihar Yuta, su ne sanannu. Ya fi gudu nesa ba kusa ba, ya fi daɗin tuƙi, ya fi tsada, ya kuma fi nauyi. Mai ƙarfin doki 35 ko 40 yakan haura kilo 100.

To wanne ya kamata mutum ya saya?

Fadamar da za ka shiga ce ke da ta cewa, ba aljihunka kaɗai ba.

In tafiyarka doguwa ce, ka ce kilomita goma sha ta kogi da mashigai kafin ka kai maɓoyarka, kuma taɓon mai laushi ne, gajeriyar wutsiya ce taka. Amma tana da sharaɗi: sai jirgi ya ɗau gudu ya hau saman ruwa take nuna bajintarta. Ka tsaya cak a tsakiyar laka da kaya maƙil, tashi ya zama jidali, farfela na ta feshin taɓo, jirgi ko gezau.

Doguwar wutsiya kuwa jaki ce. Ba ta sauri, amma a wurin da ya cika da ciyawa da kututture da sassaƙen itace, direba na iya ɗaga farfelar ya tsoma ta inda ya ga ɗan ruwa, ya ja jiki kaɗan, ya sake ɗagawa ya tsoma gaba. Aibinta biyu ne. Juyawa a matsattsen wuri tsakanin itatuwa sai an yi da gaske saboda tsawon sandar, sannan bayan awa guda kafaɗarka za ta ba ka labari. Ni dai in sabon shiga ya tambaye ni, wanda fadamarsa ba ta fi tafiyar kilomita uku ko huɗu ba, ƙaramar doguwar wutsiya zan nuna masa. In ta lalace, duk mai gyaran janareta zai gane kanta.

Abu ɗaya da dukansu suka tsana shi ne yashi. Yana cinye bakin farfela kamar an goga ta a dutsen wasa wuƙa, shi ya sa masu hankali ba sa fita sai da ta canji da sifana.

Shi kuma jirgin fa? Mene ne ma'anar lambobin nan, 1436, 1648?

Jirgin fadama shimfiɗaɗɗen gindi gare shi, na alminiyon, Amurkawa na ce masa jon. Lambobi biyun farko tsawonsa ne da ƙafa, biyun ƙarshe faɗin gindinsa da inci. Wato 1436 ƙafa 14 ne da inci 36, 1648 kuma ƙafa 16 da inci 48.

Abin dubawa ya wuce girma. Jon na kamun kifi yakan zo da layukan ƙarfe a gindi don ya riƙa tafiya sak, su ne kuma ke maƙalewa a kututture. Wanda aka ƙera don taɓo gindinsa sumul yake, gefensa a lanƙwashe, ya zame a kan laka kamar tarwaɗa. Mai walda ya fi mai ƙusa juriya, don girgizar injin taɓo na sassauta ƙusoshi har jirgi ya soma yoyo. Kaurin alminiyon ma ana rubuta shi: inci 0.080 don marar nauyi, 0.100 ko 0.125 don mai cin karo da itace. A kuma ƙwanƙwasa allon baya da za a ɗaura injin, a tabbata zai ɗauki nauyinsa kuma tsayinsa ya dace, yawanci inci 15 zuwa 16 ko kuma inci 20.

Siririn jirgi mai tsawo ya fi shiri da doguwar wutsiya.

Ba gara a sayi babba a huta ba?

A nan ne mutane suka fi yin asara. Ƙirga kayan tukuna: maza biyu sanye da wandon roba har ƙirji, kare mai ɗauko agwagwa wanda shi kaɗai ya kai kilo 30, buhunan agwagin roba na yaudara, bindigogi, harsashi, tankin mai, batir, da rumfar ciyawar da ake ɓuya a ciki. Duk jirgin da bai kai ƙafa 20 ba akwai ɗan allo a jikinsa da ya faɗi iyakar nauyi da ƙarfin injin da zai ɗauka. Kada a yi gardama da allon nan. Mutum ɗaya da karensa 1436 ya ishe su. Mutum biyu ko uku sai 1648 zuwa sama.

Sai dai babban jirgi mai babban inji yana kai ka inda ba za ka iya fitowa ba. A gaɓar Luwiziyana, in iskar arewa ta taso da sanyi takan kore ruwan fadama zuwa teku. Ka shiga da asuba ruwa na iya gwiwa, kafin hantsi ka leƙo daga rumfa ka tarar jirginka zaune a kan laka tsirara, ƙananan kaguwa na yawo a gefensa. Ka sauka ka tura, ƙafarka ta nutse har cinya. Ƙaramin jirgi mutum biyu za su ja shi da igiya. Mai kusan rabin tan sai dai a zauna jiran ruwa ya dawo, wataƙila sai gobe. Dalilin ke nan tsofaffin maharban yankin har yau ke ɗora siririn kwalekwalen nan nasu na gargajiya, firog, a kan babban jirgi, su ajiye injin daga nesa su ƙarasa da sandar turawa. Ƙarar injin ma korar agwagi take yi.

Doka ta ce wani abu game da jirgin?

Ta ce. Dokar tarayya ta hana harbi daga jirgi sai an kashe inji kuma jirgin ya daina tafiyar da injin ya ba shi. Wasu gandun gwamnati sun ƙayyade ƙarfin inji, wasu sun hana injin taɓo a sassansu saboda yadda farfela ke yage ciyawar ruwa, don haka a karanta ƙa'idar wurin kafin a biya kuɗin inji. Ban da lasin jiha, duk ɗan shekara 16 zuwa sama sai ya sayi kan sarkin agwagwa na tarayya, wanda aka fara a 1934, kuɗinsa ya koma dala 25 a 2015, kusan dukansa kuma a kan kare fadamu ake kashe shi. Harsashin dalma an hana shi tun 1991, bindiga kuma kada ta ɗauki fiye da harsashi uku.

Ina haɗarin yake, tunda ruwan ba zurfi?

A hanya. Shimfiɗaɗɗen gindi ba ya son igiyar ruwa, ga duhun asuba, ga sanyi, ga direba a tsaye. A ranar 11 ga Nuwamba 1940 guguwar ƙanƙara ta rutsa da maharban agwagi a tsibiran kogin Misisifi ta arewa, da dama suka mutu saboda ƙananan jiragensu sun kasa tsallako ruwa. Rigar ceto a jiki ake sa ta, ba a ƙarƙashin benci ba. Igiyar kashe inji kuma a ɗaura ta a hannu, don in farfela ta doki kututture hannun tuƙin na iya wurgar da mutum, injin da ba shi da giya kuwa ba zai tsaya jiransa ba.

Irin wannan inji zai yi aiki a Hadeja da Nguru?

Ta fuskar ruwa kam akwai kama. Fadamun can ma agwagin Turai na sauka da hunturu, kachala kuma ta toshe mashigai da yawa har kwalekwale ke shan wuya. Sai dai Dagona, wani yanki na fadamun, wurin kare tsuntsaye ne, ba na harbi ba. Wanda doguwar wutsiya za ta fi yi wa rana a can shi ne masunci da mai fito da kaya, tunda injin da ake haɗa ta da shi yana nan jibge a shagunan masu sayar da injin ban ruwa. Sandar da farfelar ne za a nemo.