Waiwaye: goggon birin da ya haura shekara 90 yana faɗowa daga kan bene

Ranar 2 ga Maris, 1933, aka fara nuna fim ɗin King Kong a birnin New York, a manyan gidajen silima biyu lokaci guda. Ba lokacin nishaɗi ba ne a Amurka. Tattalin arziki ya durƙushe tun 1929, cikin kowane ma'aikata huɗu ɗaya ba shi da aikin yi, bankuna suna ta rufewa da kuɗin jama'a a ciki. Kwana huɗu bayan fitowar fim ɗin sabon shugaban ƙasa, Franklin Roosevelt, ya ba da umarnin a rufe bankunan ƙasar baki ɗaya na ɗan lokaci. A wannan makon ne mutane suka yi dogon layi, suka ba da ɗan abin da ya rage a aljihunsu, don su ga ƙaton goggon biri yana ragargaza birnin da suke zaune a cikinsa.

Labarin ba wani mai sarƙaƙiya ba ne. Wani mai shirya fim, Carl Denham, ya ɗauki wata budurwa mai suna Ann, da yunwa ta sa ta kai hannu kan tuffa a rumfar mai kayan marmari, ya sa ta a jirgin ruwa zuwa wani tsibiri da babu shi a taswira. Mutanen tsibirin suka sace ta, suka ɗaure ta a bayan wata doguwar ganuwa don dodonsu, Kong. Dodo ya zo, maimakon ya cinye ta sai ya ɗauke ta ya yi daji da ita. Aka bi sawu, aka ƙwato ta, aka sumar da shi da hayaƙi, aka kawo shi New York cikin sarƙa ana karɓar kuɗin kallo. Ya tsinke sarƙa, ya nemo yarinyar, ya hau da ita kan benen Empire State mai hawa 102, wanda bai fi shekara biyu da buɗewa ba kuma babu ginin da ya kai shi tsawo a duniya a lokacin. Jiragen yaƙi suka harbo shi. Duk wanda ya taso yana jin tatsuniyar Dodo da budurwar da ake kai masa ya san rabin farko na wannan labari tun kafin a kunna. Rabin na biyu ne baƙo: a tatsuniya jarumi ne yake bin Dodo har gidansa, a nan kuwa Dodo aka ɗauko aka kai kasuwa.

Mutum biyu ne suka ba da umarni, Merian C. Cooper da Ernest B. Schoedsack, kuma rayuwarsu ta kusa fin fim ɗin ban mamaki. Cooper matuƙin jirgin yaƙi ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya, an harbo shi, Jamusawa suka tsare shi. Bai daddara ba, ya je ya taya Poland yaƙi da Rasha ta 'yan Sobiyat a 1920, aka sake harbo shi, ya sha zaman kaso kafin ya gudu. Daga baya shi da Schoedsack suka riƙa yawo duniya da kyamara: sun bi makiyayan Bakhtiyari na Iran cikin ƙaurarsu ta tsallake koguna da duwatsu a fim ɗin Grass na 1925, sun ɗauki damisa da giwaye a dajin Siyam, wato Tailan ta yau, a fim ɗin Chang na 1927. Saboda haka Denham, mutumin da zai sayar da ran abokan tafiyarsa don hoto mai kyau, Cooper ne da kansa. Matar Schoedsack, Ruth Rose, ita ta yi wa rubutun gyaran ƙarshe, kuma ta san mutanen da take zanawa, tun da tare suka sha tafiye-tafiyen. Akwai kuma labarin da ya tsaya wa Cooper a rai: a 1926 wani abokinsa, Douglas Burden, ya kamo manyan ƙadangarun tsibirin Komodo ya kawo su gidan namun daji na New York, jama'a suka yi ta tururuwa, ba a daɗe ba dabbobin suka mutu. Sarki a dajinsa, abin kallo a birni, gawa bayan ɗan lokaci. Ƙashin bayan King Kong ke nan.

Amma ba Cooper ne ya sa fim ɗin ya yi tsawon rai ba. Wannan aikin Willis O'Brien ne da yaransa, a wani ɗaki mai zafin fitilu a kamfanin fim na RKO. Kong ɗin da ake gani yana kokawa a dajin tsibiri 'yar tsana ce mai tsawon inci 18, kamar kamu guda. Marcel Delgado ne ya gina ta: ƙashin ƙarfe mai gaɓoɓi, aka naɗe shi da auduga da roba, aka lulluɓe da gashin zomo. Yadda ake sa ta motsi shi ne abin da ke sa mutum ya riƙe baki. Mai aiki zai ɗan ɗaga hannun 'yar tsanar kaɗan, ya ja baya, a ɗauki hoto ɗaya. Ya dawo ya ƙara ɗagawa kaɗan, ya gyara gira, ya ɗan buɗe baki, ya ja baya, a sake ɗauka. Hoto 24 ne ke ba da daƙiƙa ɗaya a allo, wato minti guda yana cin hoto 1,440. Idan fitila ta mutu a tsakiyar aiki, ko wani ya ture ɗan reshe a dajin wasa, sai a koma farko. Kokawar Kong da wani ƙaton ƙadangaren zamanin da, wadda ba ta wuce 'yan mintuna ba, ta ci makonni.

Duk sa'ad da mai aikin ya taɓa 'yar tsanar, yatsunsa suna danne gashin zomon, su bar shi a kwance ta wata fuska dabam. Da aka haɗa hotunan, sai aka ga gashin Kong yana ta motsi kamar iska na kaɗa shi. Kuskure ne. Masu kallo kuwa suka ɗauka tsigar jikinsa ce ke tashi don fushi. A ganina wannan kuskuren ya fi kowace dabarar fim ɗin daraja, domin abin da ido ke gani a jikin dodon sawun hannun ɗan Adam ne.

Sannan O'Brien bai tsaya ga sa shi tafiya da ruri ba, ya ba shi hali. Bayan Kong ya karya muƙamuƙin ƙadangaren nan, sai ya tsaya yana buɗe bakin gawar yana rufewa, kamar yaron da abin wasansa ya lalace yana mamakin me ya sa ya daina motsi. Yana dambe irin na mutane, domin O'Brien ya taɓa yin damben zamani a ƙuruciyarsa. A can ƙololuwar bene, harsashi ya same shi a ƙirji, ya kai yatsa ya shafo wurin, ya tsaya yana kallon jinin, bai gane abin da ake yi masa ba. Ya ɗauki yarinyar ya dube ta, ya ajiye ta a hankali inda ba za ta faɗi ba, sannan hannunsa ya saki. Cooper ya yi niyyar tsorata mutane, kuma ya tsorata su. Sai dai a waɗannan daƙiƙu na ƙarshe zuciyar mai kallo ta riga ta sauya sheƙa, ta bar jirage ta koma wajen biri. Wani abin dariya kuma, matuƙi da maharbin jirgin da suka gama da Kong, Cooper da Schoedsack ne da kansu suka fito a matsayinsu.

Kunne ma ya sami rabonsa. Fim mai magana bai fi shekara shida da farawa ba, yawancin finafinai suna ɗan sa kiɗa ne a farko da ƙarshe. Max Steiner ya tsara kiɗa na musamman da ke bin labarin taki-taki, har saukowar sarkin tsibiri daga matakala sai da kiɗan ya bi sawun ƙafarsa. Rurin Kong kuwa Murray Spivack ya haɗa shi daga kukan zaki da na damisa da aka ɗauko a gidan namun daji, aka rage masa gudu aka juya shi baya. Jarumar, Fay Wray, ta yi ihun da ya bi ta har kabari. Mai baƙin gashi ce, aka sa mata hular gashi mai ruwan zinariya don ta fito sosai a tafin hannun dodo.

Wannan gashi ya kawo mu wurin da fim ɗin ke da ɗaci, kuma mai kallo daga Afirka ba ya bukatar malami ya nuna masa. An ce tsibirin yana can wajen Sumatra ne, amma mutanensa baƙaƙe aka nuna, da fenti a fuska da ƙashi a gashi, ba su da aiki sai tsalle da ganga. Sarkinsu, wanda baƙar fatar Amurka Noble Johnson ya fito a matsayinsa, yana ganin Baturiya sai ya yi tayin ba da mata shida daga cikin mutanensa a musanya da ita. 'Yan matan tsibirin da aka riƙa miƙa wa Kong shekara da shekaru babu wanda ya tambayi labarinsu. Sai kuma hoton da ya fi nauyi: an kamo wani baƙin halitta daga ƙasarsa, an tsallako da shi teku a jirgin ruwa, an tsayar da shi kan dandamali cikin sarƙa ana kallo, a ƙarshe an kashe shi saboda farar mace. A Amurkar 1933, inda ake rataye baƙar fata a kan irin wannan zargi, hoton ba ya bukatar fassara. Cooper ya sha cewa shi nishaɗi kawai ya yi nufi, ba shi da wata ɓoyayyiyar manufa. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amma abin da ke cikin tukunya shi ludayi ke ɗebowa, kuma masu sharhi sun shekara da dama suna gardama a kan ko fim ɗin yana tsoratar da Turawa ne da baƙar fata, ko kuwa ba da saninsa ba ya tona asirin masu sarƙar. Duka biyun suna ciki. Denham ya tsaya kan gawar ya ce ba jirage ne suka kashe shi ba, kyakkyawar mace ce. Wanda ya kalli fim ɗin da idon basira ya san ƙarya yake yi. Shi ya ɗauko shi daga gida.

Fim ɗin ya ci kusan dala dubu 670, ya dawo da riba mai yawa, ya taimaka wa RKO da ke fama da bashi. Kafin shekarar ta ƙare har an yi gaggawar fito da na biyu, Son of Kong, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Da aka sake fito da na asalin a 1938, dokar tace finafinai ta yi ƙarfi, aka yanke inda Kong ke tauna mutane, da inda yake tattake su, da inda yake yage wa yarinyar tufafi yana sunsuna yatsunsa. Kusan shekara 30 jama'a suna kallon Kong ɗin da aka rage wa mugunta, sai wajen 1970 aka mayar da wuraren. Ina zargin wannan almakashi ya ƙara masa farin jini: tsara guda ta taso ba ta taɓa ganin mutum a bakinsa ba.

Sake fito da shi da aka yi a 1952 ne ya haifi zuriya. Kuɗin da tsohon fim ɗin ya tara a wannan shekara ya buɗe wa 'yan kasuwar Hollywood ido, suka gane akwai ciniki a dodo. A 1953 aka yi The Beast from 20,000 Fathoms, inda gwajin bam ɗin nukiliya ya tada wani dodo daga ƙanƙara. Wanda ya motsa wannan dodon shi ne Ray Harryhausen, wanda ya ga King Kong yana ɗan shekara 13 ya ce shi ma sana'arsa ke nan, har ya zama almajirin O'Brien. A Japan, Eiji Tsuburaya, wanda daga baya ya tsara dabarun hoton Godzilla, shi ma King Kong ne ya ja shi cikin wannan fanni. Da kamfanin Toho ya tashi yin Godzilla a 1954 babu lokaci babu kuɗin bin hanyar hoto ɗaya-ɗaya, sai aka sa mutum cikin rigar roba yana tattake ƙaramin birnin Tokyo da aka gina. Dodon Japan ya ɗauki wani kaya dabam, tsoron nukiliya a ƙasar da ta ga Hiroshima da Nagasaki. A 1962 Toho ya haɗa su biyun faɗa a fim ɗaya.

Daga nan kowace tsara ta sake ɗinka wa Kong riga, kuma kowace riga ta fi ta baya tausayi. A fim ɗin 1976 kamfanin mai ne ya je tsibirin neman arziki, Kong ya hau tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, yarinyar kuma tana roƙon kada a harbe shi. Peter Jackson, wanda ya ga na asalin a talabijin a New Zealand yana ɗan shekara tara, ya yi nasa a 2005: tsohon biri mai tabo, shi kaɗai ya rage a jinsinsa, yana zaune da yarinyar suna kallon faɗuwar rana. A na 2017 da waɗanda suka biyo baya ba a ma kai shi New York ba, ya zama mai tsaron tsibiri, daga baya mai ceton duniya. Ann ta 1933 kuwa daga farko har ƙarshe tsoronsa take ji, ko sau ɗaya ba ta dube shi da rahama ba. Tausayin da jaruman baya suka riƙa nunawa, daga kujerun 'yan kallo aka ɗauko shi aka shigar da shi cikin labarin.

Sababbin sun fi kyan hoto nesa ba kusa ba. Kwamfuta tana lissafa kowane silin gashi, kuma babu yaron yau da zai firgita da 'yar tsanar O'Brien mai tafiya tana ɗan karkarwa. Amma na baƙi da farin ne ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa cikin finafinan da za a adana wa tarihi a 1991, kuma shi ake koyarwa a makarantun fim. Da Fay Wray ta rasu a watan Agusta na 2004 tana da shekara 96, an rage hasken fitilun benen Empire State na minti 15 don girmama ta.

Su kuwa 'yan tsanar, roba ba ta jure zafin fitila da tsawon zamani. Tun ana cikin aikin fim ɗin ake ta feɗe su ana sake musu fata. A 2009 aka kai ɗaya daga cikinsu gwanjo a Landan, wadda aka yi amfani da ita a wurin hawan bene. Gashin zomon da robar duk sun zube, saura ƙashin ƙarfe da ƙusoshi da gaɓoɓi. An saye ta a kan sama da fam dubu 120.