Busasshen tsumma kankare fentin mota yake yi

Da zarar hunturu ya kama a Kano, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, za ka ga direbobi da sassafe suna ta goge jikin mota da busasshen tsumma. A ganinsu ƙura ce kawai, kuma wai yawan wanki ne ke kashe fenti.

Ruwa ba ya kashe fenti. Hazon nan da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke Chadi, yana ɗauke da ƙwayoyin yashi da suka fi fentin mota tauri. Shi kuwa shafin ƙarshe mai sheƙi da ke saman fenti, sau da yawa kaurinsa bai kai na silin gashi ba. Idan ka danna tsumma a kan ƙurar ka ja, tamkar samfefa ka goga. Duba bonet ɗin baƙar mota da rana tsaka: siraran zanen nan masu kewaye da juna, yawanci aikin tsumma ne. Abin takaici, mai motar gani yake kula da ita yake yi.

A fara kwarara ruwa ya tafi da ƙurar kafin hannu ya taɓa jiki. A wanke a inuwa, daga sama zuwa ƙasa, ana ɗauraye soso a wani bokiti daban. Omo kuma a bar wa tufafi, domin yana cinye man sheƙin da ke kare fentin. In ruwa ya yi wuya a ranar, gara a goge gilasai da jiƙaƙƙen tsumma, a bar jikin da ƙurarsa.