Rarraba filaye a birni da tasirinsa kan sufuri

Rarraba filaye, wanda masana ke ce wa zonin, doka ce da ƙaramar hukuma ko hukumar birni ke kafawa don fayyace abin da za a iya ginawa a kowane yanki: nan gidajen kwana, can kasuwa, can kuma masana'antu. Dokar kan faɗi tsayin gini, da tazarar da za a bari tsakaninsa da titi, da yawan gidajen da fili ɗaya zai ɗauka. A takarda dai maganar gini ce, amma a zahiri ita ke yanke nisan da mutum zai yi kullum daga gida zuwa wurin aiki, da kuma abin da zai hau ya je.

Biranen Jamus ne suka fara a ƙarshen ƙarni na 19, Frankfurt ta yi nata a 1891. A Amurka kuwa birnin New York ya kafa cikakkiyar doka a 1916, bayan an kammala wani ƙaton bene mai suna Equitable a 1915 wanda ya tashi sak daga bakin titi ya tare wa maƙwabta rana da iska, shi ya sa dokar ta ce dogon gini sai ya riƙa tsukewa in yana yin sama. Daga baya wani kamfanin filaye, Ambler, ya maka garin Euclid na jihar Ohio a kotu yana cewa an karya darajar filinsa, a 1926 Kotun Ƙolin Amurka ta ba garin gaskiya, to daga nan fa sai abin ya bazu. Birtaniya ta bi wata hanya daban, tun dokar 1947 kusan duk sabon gini sai an nemi izinin hukumar yanki.

Dalilin farko mai kyau ne, ba wanda ke son hayaƙin masana'anta a bakin tagar ɗakinsa. Matsalar ita ce in aka raba komai da komai, aka ce unguwa guda ba shago ba ofis sai gidaje ɗai-ɗai kowanne da farfajiyarsa, to hatta ƙaramin sayayya sai an tada mota, kuma bas ba ta iya rayuwa a wurin saboda fasinjoji sun yi ƙaranci a kowace tasha, direba zai yi ta zagaye da kujeru babu kowa.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne dokar fakin. Hukumomi da yawa na tilasta wa mai gini ya tanadi wurin ajiye motoci gwargwadon girman gininsa. Mota ɗaya da hanyar shiga da fitarta na cin kusan murabba'in mita 30, wato ya kai ƙaramin ɗakin haya, don haka za ka ga kanti a tsakiya filin fakin ya fi shi girma, mai tafiya a ƙasa sai ya ratsa kwalta cikin rana kafin ya kai ƙofa. Gine-gine sun nisanta da juna, kowa ya sayi mota, sai kuma a ce fakin bai isa ba a ƙaro. Farfesa Donald Shoup, masanin tsara birane a Amurka, ya shafe shekaru yana sukar wannan, kuma a 2017 birnin Buffalo na jihar New York ya soke sharaɗin gaba ɗaya.

Curitiba ta Brazil ta juya lissafin. A 1974, zamanin magajin gari Jaime Lerner, aka ware wa bas layinta ita kaɗai, sannan aka ba da izinin dogayen benaye a gefen waɗannan layukan, in ka yi nisa da layin tsayin gini na raguwa. Ga fasinja ga bas a wuri ɗaya.

Houston ta Amurka kuma har yau ba ta da dokar zonin irin ta sauran biranen ƙasar, masu zaɓe sun ƙi ta sau uku, na ƙarshe a 1993, duk da haka tana da ƙa'idojin girman fili da na fakin, kuma ita ma mota ce ke mulki a can.