Tutar 'Yan Asalin Ostareliya

Tutar 'yan asalin Ostareliya, waɗanda ake kira Aborijin, aikin hannun Harold Thomas ce, mai zane ɗan ƙabilar Luritja daga tsakiyar ƙasar. An fara ɗaga ta a dandalin Victoria na birnin Adelaide a watan Yulin 1971, lokacin da fafutukar ƙwato filayen kakanni take kan ganiyarta. Samanta baƙi ne, ƙasanta ja, sai da'ira ruwan ɗorawa a tsakiya. Baƙin shi ne mutanen, jan shi ne ƙasa da jan yumɓun da ake shafawa a bukukuwan gargajiya, da'irar kuwa rana ce. Launi uku kacal, babu rubutu, babu tambarin wata hukuma. Ko yaro zai iya zana ta a bango, abin da ya taimaka ta bazu.

A 1972 ta bayyana a tantin zanga-zangar da aka kafa gaban majalisa a Kanbera, wanda masu shi suka kira ofishin jakadanci. A 1994 'yar tsere Cathy Freeman ta zagaya fili da ita tare da tutar ƙasa a gasar ƙasashe renon Ingila a Kanada. Gwamnati ta amince da ita a hukumance a 1995.

Rigimar mallaka ita ce ɓangare mafi ɗaci a tarihinta. A 1997 Kotun Tarayya ta tabbatar cewa haƙƙin mallakar zanen na Thomas ne. A 2018 ya ba kamfanin WAM Clothing, wanda ba na Aborijin ba ne, izinin sa tutar a tufafi shi kaɗai. Sai ga ƙananan sana'o'in Aborijin suna karɓar takardun gargaɗi saboda sun buga tutarsu a riga. Daga nan aka fara gangamin neman a 'yanta tutar.

A Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta biya sama da dalar Ostareliya miliyan 20, ta karɓi haƙƙin, kowa ya samu damar amfani da zanen kyauta. Amma wasu 'yan asalin ƙasar ba su ji daɗi ba, kuma ƙorafinsu abin dubawa ne: tutar da aka zana don tunkarar gwamnati ta koma hannun gwamnatin, maimakon wata ƙungiya tasu. Tun Yulin 2022 take kaɗawa dindindin a saman babbar gadar Sidni.