Bargon Ceto na Masu Hawan Duwatsu

Bargon ceto, ko bargon gaggawa, wata siririyar leda ce da aka shafe da alminiyom, ana lulluɓa wa mutum ita don rage ɗumin da ke fita daga jikinsa. Hukumar NASA ta Amurka ce ta ƙirƙiro shi a 1964 domin ayyukan sararin samaniya, daga baya ya shiga akwatunan taimakon farko. Tsawonsa galibi santimita 210 ne, faɗinsa 160, nauyinsa gram 50 zuwa 60. In an naɗe shi bai fi tafin hannu ba, shi ya sa masu doguwar tafiyar ƙafa a duwatsu da dazuka ba sa rasa masa wuri a jaka. Gasar gudun duwatsu ta UTMB a Faransa ma ta wajabta wa kowane ɗan tsere riƙe shi.

Bargon ba ya samar da ɗumi, wanda jiki ya fitar yake tarewa. Fuskarsa mai ƙyalli tana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na zafin da ke tashi daga jiki, in ji masu ƙera shi. Sai dai ga wanda ke sanye da tufafi, babban amfaninsa shi ne tare iska da ruwan sama, da hana gumi bushewa a jiki, domin nan ne mai jiƙaƙƙen kaya ke saurin rasa ɗumi. Zafin jiki yakan tsaya kusa da digiri 37 a ma'aunin Salshiyos. In ya sauka ƙasa da 35, sanyi ya zama cuta. Alamunsa na farko su ne makyarkyata, sarƙewar harshe da ruɗewa.

Inda bargon ya gaza shi ne ƙasa. Leda ce marar kauri, don haka wanda ya kwanta a kan dutse ko dusar ƙanƙara, sanyin zai ratsa shi kamar babu komai. Dole a fara shimfiɗa katifar tafiya, jaka ko busassun ganyaye. Sannan a cire jiƙaƙƙun kaya in akwai na canji, a sa busassu, a naɗa bargon a kansu, a rufe kai da wuya amma a bar fuska a buɗe saboda numfashi. A toshe gefuna da igiya ko tef, domin duk kafar da iska ta samu, da ɗumin za ta tafi. In iska ta yi ƙarfi, gara a sa shi a ƙarƙashin rigar sama don kada ya riƙa filfilawa.

Tururin jiki ba ya ratsa shi, sai ya taru ya jiƙa tufafi in an daɗe a ciki. Akan ɗan buɗe shi lokaci-lokaci. Yana da saurin yagewa, kuma da ya tsage sai tsagar ta zarce. Yana narkewa kusa da wuta. Bargon da ya shekara da shekaru a naɗe kuwa yakan manne, alminiyom ɗin ya ɓare, saboda haka a riƙa duba shi kafin tafiya.

Akwai samfurin da aka ɗinke kamar buhu, mutum ya shige ciki. Ya ɗan fi nauyi, amma ya fi tare iska nesa ba kusa ba. A lokacin zafi akan rataya bargon ya yi inuwa, fuskar mai ruwan azurfa tana kallon rana, kuma ƙyallinsa na taimaka wa masu aikin ceto su hango mutum daga nesa.