Maganaɗisun MRI ba ya barci

Har cikin ma'aikatan asibiti akwai masu ɗaukar na'urar MRI, wadda ke haska cikin jikin mutum da maganaɗisu mai ƙarfi, kamar injin niƙa: in ta yi shiru, to an kashe ta. Sai ka ga mutum zai shiga ɗakin da almakashi a aljihu, wai ai ba a fara ɗaukar hoto ba.

Ƙarar ce kawai take tsayawa. Maganaɗisun yana nan dare da rana, ko an ɗauke wuta, domin wayoyinsa suna nutse cikin ruwan heliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, lantarkin ciki yana ta zagaye ba ya ƙarewa. Mai ƙarfin tesla 1.5 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) ya ninka ƙarfin maganaɗisun duniyarmu kusan sau 30,000.

A 2001, a jihar New York ta Amurka, yaro ɗan shekara 6 yana kwance a cikin na'urar MRI aka shigo da tukunyar oksijin ta ƙarfe. Na'urar ta fizge ta, ta buge shi a ka, ya rasu.

Shi ya sa ake tsayar da kowa a ƙofa, likita ko mai shara da bokitinsa, a bincika aljihu, a kuma tambayi ko an taɓa dasa masa ƙarfe ko na'urar bugun zuciya.